Daga Wata Biyu Zuwa Jirgi Ɗaya: Tsawon Ran Tikitin Ƙetare Iyaka

A cikin wata tsohuwar jakar fata da ke ƙasan durowarsa a Zariya, inda yake adana takardun shaidar karatu da na filaye, dattijon yana da wani ɗan littafi da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Bangonsa kwali ne, cikinsa kuma 'yan takardu ne da aka maƙale wuri ɗaya, kowace da sunayen tashoshi da hatimin tawada da ya fara koɗewa. Tikitin jirgin ƙasa ne da ya saya a farkon shekarun 1980, lokacin yana ɗalibin injiniya a Jamus ta Yamma, daga Nuremberg zuwa birnin Rum da dawowa. An buga ranar da zai fara aiki a jikinsa, an kuma rubuta cewa wa'adinsa wata biyu ne. Da wannan takarda ya kwana biyu a Munich, ya yi mako guda a Innsbruck wurin wani abokin karatunsa, ya sauka a Verona don kawai ya ga gari, sannan ya ƙarasa Rum. Duk jirgin da ya tarar a tasha shi yake hawa, mai duba tikiti ya huda takardar ya wuce.

Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, 'yarsa, likitar yara a wani asibitin koyarwa, ta samu gayyatar taron likitoci a Vienna, babban birnin Ostiriya. Daren da za ta tashi, ya ciro littafin ya ajiye a gabanta.

"Uwata," in ji shi, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "tunda daga Frankfurt jirginki na dawowa zai tashi, kada ki bi ta sama daga Vienna. Ki hau jirgin ƙasa, ta Nuremberg yake bi. Ki sauka ki kwana, ki dubo mini gidan da na zauna, ki ɗauko mini hotonsa. Washegari ki hau wani da tikitin da ke hannunki. Tikitin ƙetare iyaka wata biyu yake yi."

"To, Baba. In Allah ya yarda."

Ta sayi tikitin a wayarta tun saura mako uku, ta zaɓi mafi araha daga cikin farashi uku da manhajar ta jera mata. Ranar da aka rufe taro ta hau jirgin hantsi, aka ƙetare iyaka a Passau ba tare da kowa ya nemi fasfonta ba, ta sauka Nuremberg da la'asar. Ta sami unguwar, ta sami gidan, an sāke masa fenti, ƙasansa ya zama shagon gyaran keke. Ta ɗauki hoto ta tura gida, ta kwana da farin cikin cika alkawari.

Da sassafe ta je kantar tasha don ta tambayi jirgin da ya fi saurin kai ta filin jirgin sama na Frankfurt. Ma'aikaciyar ta dubi wayar, ta ɗora yatsa a kan wani layi mai ƙananan haruffa, ta ce mata cikin ladabi wannan tikitin na jirgin jiya ne, kuma ya gama aiki tun lokacin da jirgin ya bar tashar babu ita. Ta ƙara da cewa da ta shigar da zangon kwanan tun wajen saye, na'urar za ta iya ba ta tikiti ɗaya mai jirage biyu, na jiya da na yau. Likitar da ba ta taɓa ba yaro magani ba ta duba ranar lalacewarsa ba, ga shi ba ta duba ta tikitinta ba. Jirginta na komawa Abuja a ranar zai tashi, kuma ranar ce ta ƙarshe a cikin kwanakin da bizarta ta ba ta. Ta sayi sabon tikiti nan take, na tafiyar awa biyu da 'yan kai, a kan kuɗin da ya zarce abin da ta biya tun daga Vienna.

Abin da Baba ya saya

Dattijon bai faɗi ƙarya ba. Ya faɗi dokar da ta yi aiki shekaru masu yawa a faɗin Turai. Tushenta yana birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda aka ƙulla yarjejeniyar farko ta ɗaukar kaya a jirgin ƙasa tsakanin ƙasashe a 1890, aka bi ta da ta fasinjoji a 1924. A 1980 aka haɗe su cikin babbar yarjejeniya ɗaya mai suna COTIF, wadda hukumar OTIF ke kula da ita daga Bern. Sashen da ya shafi fasinja shi ake kira CIV, kuma har yau ana buga waɗannan haruffa uku a jikin tikitin ƙetare iyaka. Ma'anarsu ita ce, ko da jiragen kamfanoni uku za su ɗauki mutum ta ƙasashe uku, yarjejeniya guda ce tsakaninsa da su, mai dokoki iri ɗaya kan rauni da kaya da jinkiri.

Sai dai adadin kwanakin da tikiti zai yi yana aiki ba a cikin wannan yarjejeniya yake ba. An bar shi ga sharuɗɗan farashi da kamfanonin jiragen ke tsarawa a tsakaninsu. A zamanin dattijon, kusan kowace ƙasa babban kamfani ɗaya gare ta, mallakar gwamnati, kuma suna da jadawalin farashi na bai-ɗaya da ake kira TCV. Lissafinsa mai sauƙi ne: a auna nisan da za a yi a cikin Jamus, a ƙara na Ostiriya, a ƙara na Italiya, a haɗa kuɗin. Abin da fasinja ya biya shi ne hanya, wato haƙƙin bin layin dogo daga wannan gari zuwa wancan, sau ɗaya, a duk lokacin da ya ga dama cikin wata biyu. Kujera kuwa daban ake kama ta da ɗan ƙaramin kuɗi ga wanda yake so. Wanda bai kama ba, ya zauna inda ya samu ko ya tsaya.

Irin wannan buɗaɗɗen tikiti bai ɓace ba, amma ransa ya gajarta ƙwarai. Tsarin da ya gaji TCV, wanda ake kira SCIC-NRT, ya rage wa'adin zuwa kwana 15, daga baya kuma zuwa kwana 4 a yawancin ƙasashen, ana ƙirgawa har da ranar farko. Dole a kammala tafiya kafin sha biyun daren ranar ƙarshe. Kamfanin da ya sayar yana da ikon ƙara taƙaita shi, kuma da yawa daga waɗanda ake saya ta intanet na ranar da aka rubuta ne kawai.

Yadda jirgin ƙasa ya koyi ciniki irin na jirgin sama

Sauyin ya faro ne daga gudu. A 1981 Faransa ta buɗe layin jirginta mai tsananin gudu, TGV, tsakanin Paris da Lyon, da sharaɗin cewa kowane fasinja sai ya kama kujera kafin ya shiga. A 1993 kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ya fara aiki da tsarin kwamfuta mai suna Socrate, wanda aka gina a kan tsarin Sabre na kamfanin jiragen sama na American Airlines. Dabarar da aka aro ita ce: kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa asara ce da ba ta dawowa, don haka a sayar da kujerun jirgin tsakar rana na ranar Talata da araha, a tsawwala na yammacin Juma'a, a kuma riƙa ɗaga farashi yayin da jirgi ke cika.

Wannan lissafi ba zai yiwu da tikitin wata biyu ba. Idan mai tikitin araha yana da ikon hawa kowane jirgi, kowa zai sayi na Talata ya hau na Juma'a. Saboda haka aka ɗaure araha da wani takamaiman jirgi. Sannan ga sayarwa ta intanet: takardar da aka buga a gida ana iya buga ta sau goma, kuma idan tana aiki wata biyu babu abin da zai hana a yi tafiya goma da ita, musamman a ƙetaren iyaka inda na'urar mai duba tikiti ta wannan ƙasa ba lallai ta san abin da ta waccan ta karanta ba. Gajarta wa'adi ita ce hanya mafi sauƙi ta toshe wannan kafa.

A yau, wanda zai ƙetare iyaka a jirgin ƙasa a Turai zai tarar da tikiti iri uku. Na farko shi ne wanda kujera ke haɗe da shi, kamar na TGV, da na jiragen dare masu gadaje, da na Eurostar da ke bi ta ramin ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Paris tun 1994. Ransa daidai yake da tafiyar jirgin da aka rubuta. Ana iya sauya shi kafin tashi bisa sharuɗɗan farashinsa, amma da jirgi ya tashi ya zama tarihi. A Eurostar ma kafin tashin yake fita hannun mai shi, domin ana rufe ƙofar shiga saura minti 30 saboda binciken fasfo da kaya.

Na biyu shi ne tikitin rangwame a jiragen da kama kujera ba dole ba ne a cikinsu, irin na Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Kamfanin Deutsche Bahn na Jamus yana kiran nasa Sparpreis da Super Sparpreis, na Ostiriya kuma Sparschiene. A ido yana kama da buɗaɗɗen tikiti, tunda mutum na iya shiga ya zauna ko'ina, amma an ɗaure shi da jirgin da aka zaɓa. Wannan shi ne ya fi ruɗar baƙo, kuma irinsa ne likitar ta saya. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe. A nan abin da araha ta cire shi ne 'yancin sauya shawara.

Na uku shi ne cikakken farashi, jikan littafin da ke cikin jakar fata. Shi ne ke barin mutum ya hau kowane jirgi a kan hanyar, ya kuma yada zango a cikin wa'adinsa na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Shi ne mafi tsada, kuma tsadar kuɗin lokaci ce.

Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji na cikin gida da baƙo kan ci karo da su a ƙarshen doguwar tafiya. A Italiya, tikitin takarda na jiragen yanki na Trenitalia, wanda a da yake yin wata biyu, ya koma na ranar da aka zaɓa kawai tun watan Agustan 2016, kuma sai an buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a shiga, daga nan yana da awa 4.

Inda watanni suka koma

Wanda yake son yawo irin na dattijon, a yau fas yake saya. An ƙirƙiro Eurail a 1959 domin baƙin da ba mazauna Turai ba, wato shi ne ya shafi mai zuwa daga Kano ko Yamai ko Kumasi. Takwaransa Interrail ya zo a 1972 domin matasan Turai, da ƙasashe 21 da wa'adin wata guda. Yanzu dukansu suna aiki a ƙasashe 33.

Fas yana da agogo uku a cikinsa. Na farko, dole a fara amfani da shi cikin wata 11 daga ranar saye. Na biyu shi ne zangon da yake aiki bayan an kunna shi: akwai mai ci gaba na kwana 15, ko 22, ko wata ɗaya zuwa uku, akwai kuma mai zaɓi, misali kwana 7 na tafiya a cikin wata ɗaya, ko kwana 10 a cikin wata biyu. Na uku shi ne ranar tafiya kanta, wadda ke farawa daga sha biyun dare ta ƙare a sha biyun dare. Wanda ya hau jirgin dare bai sauya jirgi ba bayan tsakar dare, ranar tashi kawai za a ƙirga masa. Amma fas ba kujera ba ne. A jiragen da kamun kujera ya zama dole sai an biya ƙari, kuma wannan kamun na jirgi ɗaya ne, yana ƙarewa da tashinsa ko da fas ɗin yana da sauran mako uku.

Idan jirgi ne ya saɓa alkawari

Ɗaurin da ke kan tikitin araha yana kwancewa idan laifin na jirgi ne. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yunin 2023, ta ce idan ana hasashen fasinja zai makara minti 60 ko fiye a inda za shi, yana da zaɓi: a mayar masa da kuɗinsa, ko a kai shi ta wata hanya da wuri-wuri, ko ya ɗage tafiyar zuwa ranar da ta yi masa. Idan ya ci gaba da tafiya, yana da diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a kan jinkirin minti 60 zuwa 119, da kashi 50 cikin ɗari daga minti 120, sai dai in abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo jinkirin, kamar mummunan yanayi. A cikin Jamus ma hasashen jinkirin minti 20 ya isa ya saki fasinja ya hau wani jirgin.

Wannan kariya ta fi ƙarfi ga wanda tafiyarsa take kan tikiti ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya tsinka ta gida biyu don neman sauƙi, ya sayi rabi a nan rabi a can, yarjejeniya biyu ya ƙulla, kuma kamfani na biyu ba shi da alhakin makarar na farko a idon doka. Kamfanoni da dama sun yi wata yarjejeniyar fahimtar juna mai suna AJC, wadda ke barin irin wannan fasinja ya hau jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin ya bar isasshen lokaci tsakanin jiragen kuma ya karɓi shaidar jinkiri. Alheri ne na kamfanonin da suka sa hannu, ba kowane kamfani ne ke ciki ba.

Har bayan sauka tikiti yana da sauran amfani. Shi ne hujjar neman diyya: dokar Turai ta ba da wata uku don shigar da ƙorafi, CIV kuma ta ba da shekara ɗaya ga yawancin ƙararraki, shekara uku ga abin da ya shafi rauni. Duk wannan bai shafi likitar ba. Jirginta ya zo kan lokaci ya tashi kan lokaci. Ita ce ta sauka da ƙafarta.

Agogon da ke cikin fasfo

Ga Bature, kuskure irin wannan asarar kuɗi ce kawai. Ga mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Ghana, akwai wani wa'adi da ke gudu a gefe. Bizar Schengen ta ɗan gajeren zama tana ɗauke da ranakun farawa da ƙarewa, sannan da adadin kwanakin da aka yarda mutum ya yi, kuma wanda ya riga cika shi ne iyaka. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Ko mai biza ta shekaru ba zai wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ba. Fas na wata uku na iya cinye wannan adadi ƙurmus. Birtaniya kuma ba ta cikin Schengen, don haka tikitin Eurostar daga Paris zuwa Landan ba shi da amfani ga wanda ba shi da bizar Birtaniya, komai ingancinsa. Da likitar ta rasa jirginta na sama a ranar, da ta kwana a Jamus ba bisa izini ba, abin da kan iya biyo mutum duk lokacin da ya sāke neman biza.

Tambayoyin da suka kamata kafin a biya kuɗi ba su da yawa. Shin an rubuta lambar jirgi da lokacin tashi a matsayin sharaɗi, ko kuwa ranakun farawa da ƙarewa kawai? An yarda a sauka a hanya a kwana? Tafiyar tikiti ɗaya ce ko an tsinka ta? Kuma ranar ƙarshe ta tikitin tana cikin kwanakin biza? Amsoshin suna rubuce a shafin da yawancin mutane ke tsallakewa don su kai ga maɓallin biya.

Tambayar tana tafe gida

Wannan batu yana kama da na nesa, amma layin dogo na tahowa da shi. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal ne ke aikin. Tikitin da 'yan Nijeriya suka saba da shi a layin Abuja zuwa Kaduna, wanda ake sayarwa ta intanet tun Janairun 2021, na rana ɗaya ne da jirgi ɗaya da kujera ɗaya. Shi ne tsarin da ya fi kusa da hannu, kuma ya dace da ma'aikacin da ke zuwa taro ya dawo.

Mutanen hanyar Kano zuwa Maraɗi kuwa tafiyarsu daban take. Ɗan kasuwa zai so ya tsaya Katsina ya karɓi bashi, mai zuwa biki ba ta san ranar da dangi za su sake ta ba, mai zuwa ta'aziyya sai an yi addu'ar bakwai. Nijeriya da Nijar ba sa cikin OTIF, don haka sharuɗɗan da za su yi aiki su ne waɗanda ƙasashen biyu suka rubuta da kansu: kwana nawa tikiti zai yi, ko za a iya yada zango da shi, a naira za a mayar da kuɗi ko a sefa, da kuma makomar tikitin da ke hannun fasinja idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Idan aka tsara su bisa sauƙin kwamfuta kaɗai, motocin haya za su ci gaba da riƙe fasinjojinsu, domin direban tasha ya san yadda mutanensa ke tafiya.

Likitar ta isa filin jirgin sama ana gab da rufe kanta. Kuɗin da ta ware don tsarabar yaranta su ne suka tafi a sabon tikitin. Da ta koma Zariya, ta wanke hoton gidan ta kai wa mahaifinta, ya daɗe yana kallonsa, yana nuna mata tagar ɗakinsa a hawa na biyu. Sai daga baya ta ba shi labarin kantar tasha, tana dariya don kada ya ji nauyi. Ya yi shiru.

"Ashe ni na sa ki asara, Uwata."

"A'a Baba, ni ce ban karanta ba."

Ya ce ta buga masa tikitin nata a takarda. Da ta kawo, ya sa tabarau ya nemo layin mai ƙananan haruffa, ya bi shi da yatsa har ƙarshe, sannan ya ninke takardar ya sa ta cikin littafinsa na wata biyu, ya mayar da su jakar fata.